Ƙimomin aigen na matiriks mai layi dubu 40: tsohuwar hanya ko sababbin dabarun ƙuri'a?

Ɗalibar Akoka:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan aikin digirina na biyu, wanda ya shafi kwanciyar layin wutar lantarki idan aka jona masa inbatocin sola masu yawa. Na rubuta lissafin injinan samar da wuta da na inbatocin, na miƙar da shi a kusa da yanayin aiki na yau da kullum, sai ya fito a matsayin matiriks, wato jadawalin lambobi, mai layi kusan dubu 40 da ginshiƙi dubu 40, kuma ba mai madubi ba ne, wato lambobin da ke saman layin kusurwa ba su yi daidai da na ƙasansa ba. Ƙimomin aigen, wato lambobin da ake ciro wa daga matiriks waɗanda ke nuna ko kowace kaɗawar layin za ta lafa ko za ta ƙaru, ba dukkansu nake buƙata ba. Waɗanda suka dame ni su ne na kusa da layin iyaka, wato layin da ya raba ƙimomi masu lafawa a hagu da masu ƙaruwa a dama, masu kaɗawa tsakanin sau 0.1 da sau 2 a daƙiƙa, waɗanda dakushewarsu ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, domin su ne ke nuna kaɗawar da ba ta saurin lafawa. Ƙwaƙwalwar kwamfutata gigabayit 8 ce, kuma tana cika tun kafin lissafin ya fara. Wani abokin karatuna ya ce binciken yanzu duk ya koma ga dabarun ƙuri'a, wato masu amfani da lambobin da aka zaɓa kara-zube, don haka in bar tsofaffin hanyoyi. Shin hakan gaskiya ne, kuma zai yi mini amfani?

Malamin Agege:
Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi wa karatu albarka. Mu fara da lissafin da ake yi a bayan takarda. Dubu 40 sau dubu 40 ya ba da lambobi biliyan 1.6, kowace lamba tana cin bayit 8, jimilla gigabayit 12.8, kuma wannan ajiyar matiriks ɗin kaɗai ke nan. Dabarar QR, wato sananniyar hanyar fitar da dukkan ƙimomi gaba ɗaya, idan ana son ƙimomi da kibiyoyinsu (jerin lambobin da ke tafiya da kowace ƙima), tana cin aiki kusan sau 25 na yawan layuka sau kansa sau kansa, wanda a wurinki ya kai ayyukan lissafi kusan tiriliyan 1,600. Saboda haka kwamfutarki ba ta yi laifi ba.

Ina so ki riƙe abu ɗaya tun daga tushe. Tun 1824 Abel ya tabbatar da cewa babu wata ƙa'ida ta gama-gari da ke warware folinomiyal mai mataki biyar zuwa sama, kuma tunda ƙimomin aigen saiwoyin folinomiyal ne, duk wata dabarar nemo su, tsohuwa ko sabuwa, dole ta kasance ta maimaitawa har a matso kusa da amsa. Jacobi ya yi haka da hannu a 1846 lokacin da yake nazarin hanyoyin taurari, John Francis a Ingila da Vera Kublanovskaya a Rasha suka fito da QR a 1961, kowa ta gefensa. Ga manyan matiriks irin naki kuwa, hanyar da aka gwada aka yarda da ita ita ce ta Arnoldi ta 1951, tare da gyaran da Sorensen ya yi mata a 1992, wanda ke cikin manhajar ARPACK, kuma ita SciPy ke kira idan kin yi amfani da eigs. Amma kafin in ci gaba, tambayata ita ce: matiriks ɗin nan, yawancinsa sifiri ne, ko cike yake da lambobi?

Ɗalibar Akoka:
Allah ya gafarta Malam, babban ɓangarensa cike yake, abin da ya ba ni mamaki ke nan.

Injiniyan Ikorodu:
Malama, a nan gizo ke saƙa. Lissafin layin wuta kashi biyu ne: akwai lissafin canji na injina da inbatoci, akwai kuma lissafin aljabara na mahaɗun layi, wanda ke cewa wutar da ta shiga mahaɗa ita ce ta fita. Idan aka bi littafin aji, ana cire kashi na biyu ta hanyar juya matiriks ɗin layin a cusa shi cikin na farko, a sami matiriks guda. Shi matiriks ɗin layin kusan duk sifiri ne, domin kowace mahaɗa da maƙwabta ƙalilan take haɗe, amma juyinsa cike yake, domin a juye kowa yana jin kowa. Da kin yi wannan cirewar, kin cika matiriks ɗinki da hannunki.

Nelson Martins ya nuna wa injiniyoyin wuta mafita a Birazil tun shekarun 1980: kada a cire komai. A bar babban matiriks ɗin yadda yake da sifirorinsa, a ɗauki matsalar a matsayin ta matiriks biyu, na biyun yana da ɗaya a layukan canji da sifiri a layukan aljabara. Daga nan sai ki zaɓi wani wuri kusa da inda kike zaton ƙimomin suke, ki gusar da matiriks ɗin da shi, ki rarraba shi zuwa LU, wato matiriks biyu masu siffar alwatika da ke sauƙaƙa warware lissafi, sau ɗaya da manhajar da ta san sifirori, irin su SuperLU, sannan Arnoldi ya yi aiki a kan juyin. Ƙimomin da suka fi kusa da wurin da kika zaɓa su ne za su zama mafi girma, su fara fitowa, waɗanda layukan aljabara ke haifarwa marasa iyaka kuma su koma sifiri, ba za su dame ki ba. Ajiyar za ta sauko daga gigabayit zuwa megabayit.

Ɗan Yaba:
Ina gaida malamai da injiniyoyi. Da girmamawa, ina ganin ana mayar da Yaya ɗaliba baya ne zuwa kayan shekaru talatin da suka wuce, alhali tambayarta a kan binciken yanzu take. Tun da Halko da Martinsson da Tropp suka wallafa nazarinsu a 2011, fagen ya sauya. Tunanin mai sauƙi ne: a ninka babban matiriks da wasu 'yan kibiyoyi da aka cika da lambobin ƙuri'a, abin da ya fito ya ɗauko mafi yawan abin da ke cikin matiriks ɗin, sai a yi sauran aikin a kan ƙaramin. Kamar mai sayen wake a kasuwar Mile 12 ne, ba ya zazzage buhu, sokawa yake yi a wurare biyu ko uku ya duba abin da ya zubo a tafinsa, ya san irin buhun. A wurin aikinmu a nan Yaba da wannan muke rage bayanan abokan ciniki kullum, cikin daƙiƙoƙi. Ko ninka matiriks kansa bai tsaya ba: Strassen ya nuna a 1969 cewa ninki bakwai ya isa maimakon takwas ga matiriks biyu-da-biyu, a 2025 kuma manhajar AlphaEvolve ta samo hanyar ninka huɗu-da-huɗu da ninki 48 maimakon 49. Me zai sa mu tsaya wa Arnoldi?

Daktar Lissafi:
Ƙanena, abin da ka faɗa game da aikin 2011 daidai ne, kuma aiki ne mai daraja, amma amsar wata tambaya ce daban. Wannan dabarar tana nemo manyan ƙimomin singula na matiriks, wato ma'aunin yadda yake miƙa kibiyoyi, ba ƙimomin aigen ba, kuma tana yin kyau ne idan ƙimomin suna raguwa da sauri, wato idan babban matiriks ɗin a haƙiƙa ƙarami ne da ya yi kumburi. Bayanan abokan ciniki galibi haka suke. Matiriks ɗin ɗalibarmu ba haka yake ba. Mafi girman ƙimominsa na madaidaitan inbatoci ne, wato na'urorin da ke sarrafa su, masu sauri, waɗanda ke can nesa a hagu, suna lafawa cikin ƙiftawar ido, kuma babu wanda ya damu da su. Waɗanda take nema ƙanana ne, a cakuɗe da dubban wasu a kusa da layin iyaka. Sokawar da ka ambata tana gaya wa mai saye abin da ya fi yawa a buhu, ita kuwa ƙwayoyi huɗu ko biyar masu ƙwari take nema, kuma dole ta same su duka, domin guda ɗaya da ta kuɓuce ita ce za ta iya rikita layin.

Wannan ba yana nufin ƙuri'a ba ta da gurbi a matsalarta ba. Gurbin yana cikin Arnoldi ɗin kansa. Aikin da ya fi cin lokaci a Arnoldi, bayan warware lissafin LU, shi ne tabbatar da cewa kowace sabuwar kibiya tana tsaye daidai a kan duk waɗanda suka gabace ta, kuma wannan aikin yana ƙaruwa gwargwadon yawan kibiyoyin sau kansa. Nakatsukasa da Tropp sun nuna a 2021 cewa ana iya barin kibiyoyin ba a daidaita su sosai ba, a matse su da ƙuri'a zuwa gajerun kibiyoyi, a yi ƙaramar matsalar aigen a kan gajerun. Balabanov da Laura Grigori su ma sun fito da irin wannan gyara ga dabarar Gram da Schmidt. Lura da cewa dukkansu ba su jefar da sararin Krylov ba, wato tarin kibiyoyin da Arnoldi ke ginawa ta hanyar ninka matiriks a kai a kai, wanda Krylov, injiniyan jiragen ruwa na Rasha, ya kawo tun 1931. Rage masa tsada suka yi. Ga kibiyoyi talatin ko hamsin da ɗalibarmu za ta buƙata a kowane wuri, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Ribar tana bayyana ne idan kibiyoyin sun kai ɗaruruwa.

Batun ninki 48 kuwa abin sha'awa ne, amma bai shafi matiriks mai yawan sifiri ba ko kaɗan.

Malamin Agege:
Dakta ta gama magana a kan wannan. Ni dai ra'ayina shi ne, a harkar da ta shafi wutar da mutane ke dogaro da ita, ba na son dabarar da za ta ba ni amsa yau, gobe ta ba ni wata, don kawai ƙuri'ar ta sauya. QR ta yi fiye da shekara sittin tana aiki, kuma a 2000 aka sanya ta cikin dabaru goma mafi tasiri na ƙarni na 20. Abin da ke ba ni dariya a tarihinta shi ne, Francis ya bar fagen a 1962, bai san irin tasirin da aikinsa ya yi ba sai da Gene Golub da Frank Uhlig suka nemo shi a 2007.

Daktar Lissafi:
Allah ya gafarta Malam, a nan zan ɗan saɓa maka. ARPACK ɗin da ka ba ta shawara, idan ba a ba ta kibiyar farko ba, da kibiyar ƙuri'a take farawa, saboda haka ƙuri'a ta daɗe a gidanmu. Sannan ita QR ɗin, ga matiriks mai madubi Wilkinson ya tabbatar a 1968 cewa tana kaiwa ga amsa a kowane hali. Ga wanda ba mai madubi ba kuwa, an san wasu matiriks da gusarwar Francis ke cijewa a kansu, tana juyawa wuri ɗaya. Abin da manhajar LAPACK mai ɗauke da QR ke yi shi ne, idan ta ga an yi zagaye goma ba a ci gaba ba, sai ta jefa wata gusarwa ta daban don ta girgiza lissafin. Wannan dabara ce ta gwaninta, tana aiki ƙwarai, amma ba hujja ba ce.

Hujjar ta fara zuwa ne daga Berkeley a Amurka, a aikin Banks da Garza-Vargas da Kulkarni da Srivastava na 2019 zuwa 2020, kuma ƙuri'a ce ginshiƙinta. Sun nuna cewa idan aka yayyafa wa kowane irin matiriks ɗan ƙaramin hargitsi na lambobin ƙuri'a, to kusan tabbas ƙimominsa za su rarrabu da juna, kibiyoyinsa kuma su daina kwanciya a kan juna. Da zarar an sami haka, ana iya raba filin ƙimomin gida biyu, a sake raba kowane gida, har a gama, cikin lokacin da bai fi na ninka matiriks da yawa ba. Bayan haka uku daga cikinsu suka fito da wata hanyar gusarwa ta QR wadda aka tabbatar tana kaiwa ga amsa. Gaskiya ce cewa hujjojin suna buƙatar lambobi masu biti fiye da 64 da kwamfutocinmu ke aiki da su, kuma babu wanda zai maye gurbin LAPACK da su gobe. Amma a ganina wannan shi ne mafi muhimmancin abin da ya faru a fagen cikin 'yan shekarun nan, domin ya cike giɓin da ya yi shekara hamsin a buɗe.

Malamin Agege:
Na ji, Dakta. To amma amsar da suke bayarwa ta matiriks ɗin da aka yayyafa wa hargitsi ce, ba ta asalin matiriks ɗin ba.

Daktar Lissafi:
Haka ne, Malam, kuma QR ma iyakar alkawarinta ke nan. Abin da Wilkinson ya koyar da mu shi ne, dabara mai kyau tana ba da cikakkiyar amsa ga matsalar da ke kusa da wadda aka ba ta. Ko amsar tana kusa da ta gaskiya, wannan ya danganta da halin matiriks ɗin, ba da dabarar ba.

Injiniyan Gada:
Assalamu alaikum. Na shigo a makare saboda cunkoson gadar Third Mainland, amma na karanta komai. Mu masu lissafin gine-gine matsalarmu ta fi sauƙi, domin matiriks ɗin tauri da na nauyi duk masu madubi ne. Idan ana nazarin gada mai igiyoyi irin ta Lekki zuwa Ikoyi, wadda aka buɗe a 2013, ana neman mafi ƙanƙantar kaɗawa ne, kuma dabarar Lanczos ta 1950 tare da gusarwa da juyawa tana fito da su. Abin da ya fi ba ni natsuwa a aikinmu shi ne muna da hanyar tabbatar da cewa ba mu tsallake ko ɗaya ba. Bisa ƙa'idar Sylvester, idan na gusar da matiriks na rarraba shi, yawan lambobin da ke ƙasa da sifiri a layin kusurwa shi ne daidai yawan ƙimomin da ke ƙasa da wurin gusarwar. Idan ƙidayar ta ce 30, Lanczos ya ba ni 29, na san akwai saura.

Sauƙin yana ƙarewa ne idan aka shigo da na'urorin dakushe kaɗawa. Gadar Millennium ta Landan an buɗe ta a watan Yunin 2000, aka rufe ta bayan kwana biyu saboda takun jama'a ya sa tana rangaji gefe da gefe, ba a sake buɗe ta ba sai 2002 bayan an sanya mata madakusa. Lissafin irin wannan yana da ƙimar aigen sau kanta a cikinsa, kuma idan aka mayar da shi na yau da kullum girmansa yana ninkawa, kyakkyawan halin madubin yana tafiya. Tisseur da Meerbergen sun yi dogon nazari a kan wannan a 2001. Tambayata ga Dakta ita ce: ku da kuke fama da matiriks marasa madubi, me ke tsaya muku a matsayin ƙidayar Sylvester, kuma ta yaya ɗalibar za ta san amsarta daidai ce?

Ɗan Yaba:
Injiniya, ai wannan mai sauƙi ne. Ta ninka matiriks da kibiyar, ta cire ƙimar sau kibiyar, idan ragowar ta yi ƙanƙanta ƙwarai, an gama.

Daktar Lissafi:
Ƙanena, wannan gwajin ya isa a gidan Injiniya, bai isa a namu ba. Ga matiriks mai madubi, idan ragowar ta kai wani ƙaramin adadi, akwai ƙimar gaskiya da ba ta fi wannan adadin nisa ba, kuma Weyl ya nuna tun 1912 cewa ƙimomin ba sa gusawa fiye da girman hargitsin da aka yi wa matiriks. Ga marar madubi, ka buɗe kwamfutarka ka gwada wannan. Ka gina matiriks mai layi 16, duk sifiri, sai layin da ke saman layin kusurwa kai tsaye ka cika shi da ɗaya. Ƙimominsa 16 duk sifiri ne. Yanzu a kusurwar ƙasa ta hagu ka sanya ɗaya cikin adadi mai sifiri 16 bayan ɗaya, adadin da ya yi daidai da kuskuren datse lamba na biti 64. Ƙimomin za su watse su yi da'ira mai nisan 0.1 daga sifiri, domin kowacce ta zama saiwa ta 16 ta wannan ɗan adadin. Hargitsin da ido ba ya gani ya gusar da amsa zuwa gurbi na farko bayan ɗigo, bakwai daga cikin ƙimomin 16 kuma sun tsallaka dama da layin iyaka. Ragowar kowaccensu, idan ka auna ta da asalin matiriks ɗin, ba za ta wuce wannan ɗan adadin ba.

Saboda haka dole ɗalibarmu ta nemo kibiyar hagu tare da ta dama ga kowace ƙima. Idan tsawon kowacce ɗaya ne, ta ninka su da juna, ta raba ɗaya da abin da ya fito, wannan adadin shi ne gwargwadon yadda ƙimar ke jin hargitsi. Ta ninka shi da ragowar, shi ne kimanin kuskurenta na gaskiya. Inda adadin ya yi girma, gara ta zana inuwar ƙimomin, wato dukkan wuraren da ƙima za ta iya faɗawa idan aka taɓa matiriks da ɗan hargitsi. Trefethen da abokan aikinsa sun nuna a 1993 cewa wannan inuwar ce ke bayyana dalilin da ya sa ruwan da ke gudu a bututu yake rikicewa alhali ƙimomin aigen suna cewa lafiya lau.

Game da ƙidaya, Injiniya, ba mu da mai arha kamar taku. Abin da muke da shi shi ne zagayen shinge. Ana zana shinge a kewaye da yankin da ake so, a zaɓi wurare kamar 16 ko 32 a kansa, a warware lissafin gusarwa a kowanne, a haɗa sakamakon, sai ya tace duk abin da ke wajen shingen. Sakurai da Sugiura sun kawo wannan a Japan a 2003, Polizzi ya fito da FEAST a 2009, kuma SLEPc ta Sifaniya tana da irinsa. Jimillar layin kusurwa na wannan matacin ita ce yawan ƙimomin da ke cikin shingen, kuma ana ƙiyasta ta da kibiyoyin ƙuri'a bisa dabarar Hutchinson. Ƙiyasi ne, ba ƙidaya ba, kuma yana yin rawa idan kibiyoyin aigen sun kwanta a kan juna, amma ya fi tafiya a makance.

Ɗan Yaba:
Na gwada misalin, Dakta, da'irar ta fito kamar yadda kika ce. To ga wata shawarar daga binciken yanzu wadda nake ganin ba za a ƙi ba. Tunda LU ne ke cin ajiya, a yi shi da lambobi masu biti 32 ko ma 16, sannan a gyara amsar da biti 64. Carson da marigayi Higham sun nuna a 2018 yadda ake haɗa matakan daidaito uku a sami amsa mai kyau kamar ta biti 64, kuma katunan zane na zamani suna gudu da biti 16 ninkin-ba-ninkin. Ana samun irin waɗannan katunan na hannu a kasuwar kwamfuta ta Ikeja.

Malamin Agege:
Ɗana, biti 64 yana riƙe lambobi kusan 16, biti 32 kusan 7, biti 16 kuwa 3 kacal, kuma mafi girman adadin da yake iya ɗauka 65,504 ne. Matiriks ɗin da ya haɗa injin da ke juyawa a hankali da inbata mai sauri zai ƙunshi lambobin da suka wuce wannan, sai an daidaita ma'auninsa tukuna. Akwai kuma wani abu. Muna gusarwa ne kusa da ƙima da gangan, wanda ke sa matiriks ɗin ya kusa zama marar juyi. A biti 64 wannan ba matsala ba ce, domin Wilkinson ya nuna cewa kuskuren yana faɗawa ne a kan kibiyar da muke nema. Amma gyaran da kake magana yana tafiya ne kawai idan rashin lafiyar matiriks ɗin bai rinjayi daidaiton lambobin ba, ga shi mu da kanmu muke ƙara masa rashin lafiyar.

Daktar Lissafi:
Malam ya yi gaskiya game da gyara na yau da kullum. A yi wa aikin 2018 adalci, sun faɗaɗa iyakar sosai ta hanyar amfani da LU mai ƙarancin biti a matsayin mataimaki ga GMRES, wata dabarar warware lissafi ta maimaitawa. Biti 32 abu ne mai yiwuwa a nan, musamman da yake gusarwarta lamba ce mai sashe biyu, wanda ke sa kowace lamba ta ci bayit 16 maimakon 8. Amma ta fara ganin girman LU ɗin tukuna. Idan ya shiga ƙwaƙwalwa da biti 64, babu dalilin sayen kati, kuma katin da ke jan wuta da yawa ba abokin mai aiki da batir ba ne a lokacin da aka ɗauke wuta.

Injiniyan Ikorodu:
Ina da gyara a kan tambayar kanta, Malama. Iyakar 0.1 zuwa 2 a daƙiƙa ta manyan injina masu juyawa ce, irin guda shida na Egbin da ke nan kusa da mu, masu megawat 220 kowanne, idan suna rangaji da na Kainji da Jebba da Shiroro ta dogayen layukan kilobolt 330. Inbata ba ta da nauyin da ke juyawa, kuma rigimar madaidaitanta da layi mai rauni tana iya fitowa a kaɗawa goma ko gomomi a daƙiƙa, ƙasa da 50 ɗin layin ko sama da shi. Idan kika tsaya a 2, za ki iya samun amsa mai kyau ƙwarai ga yankin da ba a nan hatsarin yake ba. Ki faɗaɗa shingen, sannan ki duba ko lissafin layin naki ya dace da wannan saurin, domin ɗaukar layi a matsayin aljabara zalla yana aiki ne ga kaɗawa mai jinkiri kawai. Kibiyoyin hagu da Dakta ta ce ki nemo ba asara ba ne, domin da su da na dama muke gane wane inji ko wace inbata ce ke da hannu a kowace kaɗawa.

Ɗalibar Akoka:
Na gode ƙwarai, malamaina. Na sake gina lissafin ba tare da cire layukan aljabara ba, kuma LU ɗin ya shiga ƙwaƙwalwa da sauran wuri mai yawa. Na jera wuraren gusarwa a gefen layin iyaka, na faɗaɗa yankin kamar yadda Injiniya ya ce. Sai dai na ci karo da abu biyu. A wani wuri ƙiyasin shinge yana nuna ƙimomi sun fi waɗanda Arnoldi ya ba ni yawa nesa ba kusa ba, kuma a daidai wannan wurin ne adadin jin hargitsin ya yi girma ƙwarai.

Daktar Lissafi:
Inbatocinki, lambobi iri ɗaya kika ba su duka?

Ɗalibar Akoka:
E, Dakta, samfuri ɗaya na kwafa a kowace unguwa.

Daktar Lissafi:
To abubuwan biyu tushensu ɗaya. Inbatoci masu kama ɗaya suna haifar da ƙimomi masu maimaituwa, ko masu cunkushewa wuri guda. Arnoldi da ya fara da kibiya ɗaya, a lissafi marar kuskure, kwafi ɗaya kawai yake iya gani na ƙimar da ta maimaitu, sauran kuma sai dai kuskuren datse lamba ya shigo da su a hankali, ko kuma ba su shigo ba. Ki koma ga Arnoldi mai farawa da tarin kibiyoyi, ko ki bar dabarar shinge ta yi wannan yankin da kibiyoyin da suka ɗara ƙiyasin yawa da kamar rabi. Kada ki ba da rahoton waɗannan ƙimomin ɗaya bayan ɗaya da gurabe shida bayan ɗigo. Ki ɗauke su a matsayin gungu, ki nemo kibiyoyin Schur na gungun gaba ɗaya, wato kibiyoyi masu tsayuwa daidai a kan juna da ke wakiltar gungun, domin sararin da suka haɗa ya fi kowace kibiya ita kaɗai tsayuwa, sannan ki faɗi iyakar gungun ta dama.

Injiniyan Ikorodu:
Sannan ki bambanta lambobin inbatocin da kashi 5 ko 10 cikin 100, ki sake gudanarwa, domin a kan rufin gidajen Legas babu inbatoci biyu masu saiti ɗaya da tsawon waya ɗaya. Idan gefen dama na gungun ya matsa sosai da wannan ɗan sauyin, wannan kansa sakamako ne da ya cancanci babi a kundinki. Ki ɗora mana zanen gungun kafin sauyin da bayansa, tare da tsawon layin da kika ba kowace unguwa, in kwatanta da irin waɗanda muke gani a fili.